Kwana Goma Sha Tara Babu Rubutu

Aikin da na fara samu a Gaya shi ne rubuta ruwan sama. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su ce to ki rubuto mana na gobe. Wata ƙungiyar manoma ce ta ɗauke ni, a wani ƙaramin biro, wato ofis, mai ɗaki biyu da ke kan tudu, inda in ka leƙa taga kana hango kogi da gada da jerin manyan motoci masu jiran tsallakawa Malanville ta ƙasar Benin. Ƙungiyar ta kafa ma'aunin ruwa a ƙauyuka da dama, tun daga bakin kogi har can wajen Karakara. Ma'aunin ba wani abu ba ne, sanda ce a kafe, da mazubi a kanta, da ƴar kwalba mai zane-zane. A kowane ƙauye akwai mutum ɗaya da ke duba kwalbar kowace safiya ya rubuta abin da ya samu. In kwana goma sun cika sai ya ba direban motar kasuwa takardar a kawo mana. Ni kuma in zuba lambobin cikin ordinatar, wato kwamfuta, ta haɗa jimla, ta nuna inda ƙasa ta ƙoshi da inda take jin ƙishi.

Ina son takardun nan fiye da yadda ya kamata a so takarda. Wata takan zo da ƙamshin hayaƙin kifi, wata da tabon man ja, wata an naɗe ta ƙanƙanuwa kamar laya. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin masu rubutun ba, amma na yi wa kowannensu fuska a raina. Mai manyan haruffa na ba shi gemu da babbar murya. Wanda lambobinsa ke karkacewa na ce gurgu ne mai son raha. In na buga milimita talatin da biyu, sai in ji saukar ruwan a kan rufin kwano na wani gari da ban sani ba, in ga mata suna gudu suna kwashe shanya, awaki sun lafe jikin katanga. Fanka tana juyawa a sama, kwalekwale yana ratsa jan ruwan kogi a hankali, ni kuwa na yi nisa, ina tsaye cikin gonar wani da laka har idon sawu. Sau da yawa sai shef, shugaban biron, ya buga teburi kafin in dawo. Mahaifiyata ta sha faɗa cewa tun ina ƙarama jikina ne kawai ke zama inda aka ajiye shi.

Mu uku ne a biron. Shef mutum ne mai sanyin hali, ba ya son a kai ƙararsa Dosso, inda manyanmu suke, saboda haka duk takardar da za ta fita sai ya juya ta gaba da baya. Sai Baba, dattijon da ya riƙe lissafin ruwan nan a kaye, wato littafin rubutu, tun kafin a yaye ni. Dogo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare, da fensir a bayan kunne, da jan alƙalamin bik a aljihun gaba. Kowace takarda ta hannunsa take fara bi kafin ta iso gare ni. In na gama bugawa na fitar da jimla, sai ya ɗauki rula ya bi layi-layi, ya sake haɗa komai da ƴar na'urar lissafinsa, sa'an nan ya sake haɗawa da ka, wai ita ma na'urar ƙanwar ordinatar ce, ba a karɓar shaidar ɗan'uwa. In ya gama ya miƙa wa shef, shi ma ya bi. Aikin da nake gamawa kafin shayi ya huce, sai ya kwana biyu a tsakaninsu.

"Baba, wata nawa kana bi, ka taɓa kama ta da kuskure?" na tambaye shi wata rana.

"Ɗiyata, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Kuma mi akwatin ga ya sani ga ruwa? Ya taɓa jiƙewa?"

"Kayenka ma ai bai taɓa riƙe hauya ba."

"Ya sha ruwa sau biyu cikin jakata. Ya san ɗanɗanonsa."

Haka muke, kullum da irin tsiyar da za mu yi wa juna. Ina dariya, amma abin yana ci mini rai. Na yi shekaru a lakwal, makarantar boko, ina koyon aikin nan, ga shi kowace safiya ana auna ni kamar hatsin da aka sayo wurin baƙon ɗan kasuwa. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ɗan jan ɗigon da Baba ke sawa a gefen kowane layin da ya tabbatar. In takarda ta dawo gare ni, sai in ganta kamar ta yi ƙyanda.

A daminar da nake ba da labari, yayan Baba ya rasu a Dioundiou, ya tafi zaman makoki da rabon gado, ya yi kusan mako uku. Takardun zagaye biyu suka zo hannuna kai tsaye, babu wanda ya taɓa su. A cikinsu akwai ta wani ƙaramin ƙauye da ke kan hanyar Karakara, takarda ɗaya da ta haɗa zagayen biyu. Na san takardar ƙauyen nan sarai, don kullum takan zo mini da rubutu iri biyu, wasu lambobi da shuɗin bik, wasu da fensir. Na ɗauka mai awon ne ke da abin rubutu biyu, har na yi masa fuskar tsoho mai yawan mantuwa da ke ɗaukar duk wanda hannunsa ya faɗa a kai. Wannan karon babu fensir ko kaɗan. Cikin kwana ashirin, rana ɗaya ce tak aka rubuta ɗan yayyafi. Sauran gurabe goma sha tara fari fat, ko sifiri babu, ko ɗan zane. Sauran masu awo in ba a yi ruwa ba sukan sa sifiri. Ni dai abin da na gani shi na buga, inda babu komai na bar shi babu komai. Da ordinatar ta haɗa, sai ƙauyen ya fito can ƙasan jeri shi kaɗai.

A makon ne saƙo ya zo daga Dosso cewa za a raba irin hatsi mai saurin nuna ga ƙauyukan da fari ya kashe musu shuka, don su sake shukawa tun damina ba ta yi nisa ba. Mu za mu aika da sunayen. Takarda za ta bi motar ranar Laraba bayan azahar, kuma wanda bai shiga ba, ya jira baɗi. Na sa sunan ƙauyen a sama, na ajiye wa shef a teburi.

Baba ya dawo ranar Litinin, ya rame, idonsa ya faɗa. Ko gaisuwar ta'aziyya ba mu gama ba ya ja rularsa. Da ya iso layin ƙauyen sai ya tsaya, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Akwatin ga ya ci lambobi," ya ce. "An ɗauke kuran ina can?"

An ɗauke wutar lantarkin, kamar kullum. Shef ya ce in sake bugawa daga farko yana tsaye a bayana. Na sake, numfashinsa a wuyana, jimla ta fito yadda take. Ya ce in kashe ordinatar in kunna in sake. Na sake. Sa'an nan na ɗauko takardar ƙauyen ita kanta na shimfiɗa a gabansu, na ce ga ta nan, ku nuna mini abin da aka ci.

Baba ya dube ta, sai ya saki fuska, kamar wanda ya gane ɓataccen ɗan akuyarsa. "Af, ai wanga malamin ne. Tsufa ya kama shi, mantuwa gare shi, ba ya cika takarda. Tun da can haka yake." Ya jawo takardar ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, wanda tafiyar ƙafa ce kaɗan tsakaninsu. Can an yi ruwa uku masu kyau cikin kwanakin. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya fara kwafe lambobin maƙwabta cikin guraben da ke fari, a natse, da kyakkyawan rubutunsa. Ya ce haka waɗanda suka koya masa aiki suka koya masa, in gurbi ya zo babu komai, a ɗauki na mafi kusa. Sai a lokacin na gane mai fensirin da na daɗe ina yi wa fuska. Yana zaune kusa da ni, ga tabarau ɗaure da zare.

Da lambobin fensir, ƙauyen ya haura tsakiyar jeri, cikin waɗanda suka ƙoshi. Shef ya ja layi ya soke sunansa daga masu samun iri.

Ranar Talata ban yi mafarkin kowace gona ba. Na zauna ina kallon layin nan da aka ja, zuciyata tana tafasa. Gaskiya ban san ko an yi ruwa a ƙauyen ko ba a yi ba. Abin da na sani shi ne ba wanda ya rubuta an yi, sai mutumin da yake Dioundiou a lokacin. Mun gwada kiran mai shagon ƙauyen, waya ba ta shiga, don sai an hau wani tudu a bayan gari ake samun layi. Da la'asar na kasa haƙuri. Na ce wa shef, wata da watanni kuna bin aikina da rula kamar na ɓarauniya, yau ga abu ɗaya da ya cancanci a bi, kun ce a wuce. Na ce gani ya kori ji. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba, don har yanzu in na tuna sai in ji kunya. Baba dai ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Shef, da ba ya son hayaniya, ya jefo makullin tsohuwar motar biro a teburi. "Ku tahi da sassafe ku gano, ko na huta da bakinki. In ban ji ku ba kahin azahar, takarda za ta tahi yadda take."

Muka kama hanya bayan asuba, Baba na tuƙi, ni ina gefe da takardar a cinya. Hazo ne kwance a kan fadamu, giginyu sun tsaya a cikinsa har wuya, kawunansu kawai ake gani suna shawagi. Muka wuce gonakin shinkafa, muka wuce masu rake, muka wuce wata mata da ta jera muruci a bakin hanya tana gyangyaɗi. Ko'ina kore shar, har ido ya gaji. Sunayen da na saba bugawa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikin alluna masu tsatsa, kowanne da masallacinsa da rijiyarsa, ba ko ɗaya da ya yi kama da wanda na gina a raina. A wani gari na hango ma'auninmu a bayan makaranta, wata farar kaza tana tsaye a kansa. Duk inda muka ratsa kududdufi sai Baba ya ɗan dube ni ta gefen tabarau. Tun ina ƙirga kududdufan har na daina, na fara shirya yadda zan ba shi haƙuri.

Ƙauyen maƙwabta ma kore ne, hatsi ya kai gwiwa. Muka fita daga cikinsa, muka hau wani ɗan jigawa, muka gangara. A nan ne launin ƙasa ya sauya. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kamar an shimfiɗa tabarma kore an naɗe bakinta daidai wurin. Gaba gare mu kunya-kunya ne na jan rairayi, da ƴan tsirrai da suka fito kamar tsawon yatsa suka ƙone a tsaye. Baba ya taka birki. Ya fita, ya shiga gonar farko, ya durƙusa ya tona da hannu. Ya tona har wuyan hannunsa ya nutse, ya ɗebo ƙasar ya matse, ya buɗe. Ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya matsa gaba ya sake tonawa a wani wurin, ya sake a wani, don Baba ba ya yarda da awo ɗaya.

Mai awon muka same shi a gindin wata bishiya a ƙofar gidansa yana tufka igiya. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai fararen gira, malamin allo, idonsa garau. Kusa da shi ga ma'aunin, an kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, an share gindinsa, kwalbar tana ƙyalli. Ya shimfiɗa mana buzu, aka kawo ruwa a ƙwarya, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta hanya. Da aka zo gaisuwar damina sai ya ce, "Alhamdu lillahi, muna jira."

Baba ya karɓi takardar daga hannuna ya buɗe. "Malam, kwanakin ga da ba ka rubuta komi ba, mantuwa ka yi?"

Tsohon ya yi murmushi. "Mantuwa? Ni da nike duba ta kahin in karya kumallo? Ba a yi ruwa ba ne."

"To ai sai ka sa sifiri, kamar kowa."

"A'a." Ya ajiye igiyar. "Wanda ya kafa sandar ga ya ce mini haka, na ce to. Amma da na ɗauki alƙalami sai hannuna ya ƙi. Ni wa, da zan zauna in rubuta da hannuna cewa yau Ubangiji bai ba mu komi ba? Mun tashi lahiya, ga iska, ga rijiya ba ta ƙafe ba. Ranar da Ya ba da ruwa ina rubuta abin da Ya ba. Ranar da Ya jinkirta sai in bar wurin a buɗe. Na ɗauka ku masu ilimin boko kun gane."

Ni ma ban gane ba. Gurbi na gani na bar gurbi, don haka aka koya mini, kamar yadda aka koya wa Baba ya cike.

"Tun yaushe kake yin haka?" Baba ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun ranar da anka kafa ta."

Sai malamin ya ci gaba da hira, irin ta wanda ya daɗe bai yi baƙi ba. Ya ce wurinsu haka yake, hadari yakan taso ya yi baƙi ƙirin, in ya iso jigawar nan sai ya rabe biyu ya wuce su. Yawancin shekaru yakan dawo ya biya su. Amma akwai wata shekara, ya ƙirga da yatsu ya ce damina shida ke nan, da aka yi musu irin wannan farin, har ya fi. A shekarar ma sun ji ana rabon iri. Suka share rumbun gari suka jira. Suka hango motar ta bi babbar hanya da buhuna, ba ta juyo ba. "Munka ce ba rabonmu ba ne," in ji shi. A ƙarshen daminar aka sayar da shanun noma, samari suka tsallaka Benin neman abin kai wa baki. Wasu sun dawo. Ɗansa na biyu yana cikin waɗanda ba su dawo ba, ga matarsa can da yara uku a cikin gida. Ya faɗi haka yana murza igiya a cinya, babu ƙorafi a muryarsa.

Na dubi Baba. Na san yana ganin shafin shekarar nan a kayensa, don ba ya mance shafi. Tun jiya nake ɗauke da maganganun da zan faɗa masa in gaskiyata ta fito, na wasa su sun yi kaifi. Da na ga fuskarsa sai suka zube mini, tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla.

Ba wanda ya tambaye shi. Da ya yi shiru, da malamin ba zai taɓa sani ba, ni kuma ba zan faɗa ba. Amma Baba ya cire hularsa ya ajiye a kan buzu, ya sauko ya durƙusa a kan rairayi a gaban tsohon.

"Malam, motar ga ba rabo ne ya hana ta juyowa ba. Ni ne. Duk wurin da ka bari a buɗe, ni nike cike shi da ruwan maƙwabtanku. A takardar da ta tahi Dosso waccan shekara, kun sha ruwa kun ƙoshi. Da hannuna na rubuta. Shekaranjiya ma na sake."

Ya miƙa masa takardar, ga shuɗin bik guda ɗaya, ga fensir uku. Malamin ya karɓa ya kawo ta kusa da ido. Ya daɗe yana kallo. Wata kurciya tana ta kuka a saman bishiyar, daga cikin gida kuma ana jin daka, taɓarya ɗaya, a hankali. Ya sa babban yatsa ya shafa lambar fensir ɗaya, ta ɗan dushe, ya dubi yatsan.

"Rubutunka na da kyau," ya ce. Sa'an nan ya mayar masa da takardar da hannu biyu. "Allah Ya yafe muna baki ɗaya. Amma bana, don Allah, ka bar mu da farinmu."

Rana ta kusa tsakiya. Muka bar motar a nan muka hau tudun bayan gari da ƙafa, Baba a gaba, ba hula, yana haki, yana ɗaga waya sama yana neman layi. A can ƙoli ta kama. Shef ya ɗauka, na ji muryarsa ƴar ƙarama yana cewa direban Dosso ya iso, yana alwala, mi kunka gani? Baba ya buɗe baki zai ce a mayar da sunan ƙauyen. Ya gwada sau biyu, murya ta ƙi fita. Sai ya miƙo mini wayar, ni na faɗa.